Kayan miya daga hannun mai lambu

Mafi yawan kayan miyan da ake saukewa a Kasuwar Yankaba da ke Kano suna bi ta hannun dillalai biyu ko uku kafin su iso tukunya, shi ya sa nake fifita zuwa wajen mai lambu da kaina. A lokacin rani nakan nufi Kura ko Garun Malam, inda ƙananan manoma ke ban ruwa daga magudanan da aka janyo daga madatsar ruwa ta Tiga. A Kwanar Gafan ana sayar da tumatir kwando-kwando, don haka sai mu haɗa kuɗi da maƙwabta mu raba.

Sai dai kusanci kaɗai ba ya tabbatar da tsafta. Akwai lambunan da ke gaɓar Kogin Jakara waɗanda ake shayar da latas da alayyahu da ruwan da ya kwaso dattin gari, kuma ganyen nan yakan fi kowanne sheƙi a ido. Saboda haka tambayata ta farko ita ce: "Baba, da wane ruwa ake shayarwa?" Bayan nan nakan tambayi ranar da aka yi feshin ƙarshe, sannan in duba gefen gonar ko akwai tarin takin dabbobi, wanda manoman kewayen Kano suka daɗe suna riƙe ƙarfin ƙasarsu da shi.

Tumatirin irin waɗannan manoma bai cika zuwa girma ɗaya ba, amma idan an tsinke shi da sassafe yakan daɗe bai ruɓe ba, muddin an shanya shi a inuwa ba a bar shi cikin leda ba.