Yadda kalmar “samfur” ta ci mini jaka 140

Injin ɓarar gyaɗa goma sha biyu aka yanka wa ƙarfe, aka lanƙwasa, aka like da walda, kuma babu ko ɗaya da ya yi aikin da aka yi shi dominsa. Da bakina na jawo. Matata ta ce in daina ba da labarin don ya ishe ta, shi ya sa na zauna na rubuta.

Zanen fasaha nake koyarwa a wata cibiyar koyon sana'a nan Maradi, shekara ta takwas ke nan. A takarda darasin na Faransanci ne, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara talatin da suka bar lakwal tun da wuri ya san da Hausa ake ƙarasa bayani. Kalma ka rubuta ta a tabulo da Faransanci, ka juyo ka ce “wato kaza”. Wannan “wato kaza” ɗin ban taɓa zama na auna shi ba. Abin da ya zo baki shi nake faɗi.

Bara, bayan an cire gyaɗa, wata ƙungiyar manoma daga wajen Madarunfa ta nemi mu yi musu injin ɓara na hannu, irin mai raga a ƙasa kamar rabin ganga da hannun da ake kai wa da komowa. Su masu ajiye iri ne, suna sayarwa gab da damina. Na ji daɗi ƙwarai, don aikin gaske ya fi zanen kujerar da ba wanda zai zauna kanta. Muka zauna da yara muka rubuta takardar sharuɗɗa, abin da littafi ke kira kaye de sharj: mace ɗaya ta iya sarrafa shi, mutum biyu su iya ɗora shi a amalanke, sannan babban sharaɗi, kada ya fasa ƙwaya. Gyaɗar da ta rabe biyu ko ta saɓule bawonta ba ta shukuwa. Muka yi na kwali, muka yi zane, duk wannan ya tafi lafiya.

Na ɗauki zanen na kai wa wani dattijo mai walda da muka daɗe muna hulɗa. Na ce, “Maigida, ga zane, a yi mana samfur.” Na gaya masa goma sha biyu ake so gaba ɗaya, na kuma ba shi kuɗin ƙarfe duka don ya saya lokaci guda kafin farashi ya motsa. Washegari na hau mota zuwa Yamai, horon kwana goma.

Abin da ke cikin kaina shi ne furototif: na farko da ake ƙerawa don a gwada, a ga inda ya gaza, a kwance, a sake. Abu ne da aka yi shi da niyyar a kama shi da laifi. Shi kuwa Maigida abin da ya ji shi ne samfur irin na kasuwa, wanda mace ke kai wa tela ta ce ɗinka mini irin wannan. A wajensa samfur abu ne da magana ta ƙare a kansa, saura kwafi. Kuma shi ke da gaskiya, haka Bahaushe ke amfani da kalmar. Kwana uku da tafiyata ya bugo waya ina tsakiyar zaure, na duƙa ƙarƙashin tebur na ɗauka. Ya ce, “Mushe,” haka ake kiran malamin lakwal a nan, “samhur ya hito.” Na ce, “To madalla, a ci gaba.” Ni fenti nake nufi.

Da na dawo na iske su jere a bakin gareji, goma sha biyu, an shafe su da shuɗin fenti, yaran shago suna ta murmushi suna jiran yabo. Gabana ya faɗi, amma na ce wa kaina ƙila Allah ya rufa asiri, zanen ya dace tun karon farko. Ranar gwaji shugaban manoman ya zo da gyaɗarsu, muka zuba tiya ɗaya. Abin da ya zubo ta ƙasan raga ya fi kama da tsaki. Ya ɗebo a tafin hannu, ya daɗe yana juyawa da yatsa, ya ce, “Malam, wannan ai na masu ƙuli-ƙuli ne.” Bai ƙara ko kalma ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Matsalar tana cikin ratar da ke tsakanin abin da ke murza gyaɗar da ragar ƙasa. In ta yi faɗi kwanson ya wuce ba a fasa ba, in ta matse a niƙe ƙwaya. Na rubuta 15 a zanen, milimita ke nan, kuma ƙiyasi ne kawai, na bari sai wajen gwaji in daidaita. Maigida da inci ya saba, don mafi yawan ƙarfen da yake aiki da shi da inci ake kiran kaurinsa. Ya ɗauki guntun ƙarfe mai rabin inci ya soka a tsakani, ya like da walda, ya zare. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, rabinsa 12.7. Bambancin bai kai milimita biyu da rabi ba. Ga wanda ya shekara talatin yana ƙera ƙofa da taga, wannan ba komai ba ne. Na tambaye shi, ya ce, “Mushe, mi ka rubuta wanda ya ce kar ya ragu?” Na duba zanen. Babu. Ni da nake rage maki a takardun yara in sun manta tolerans, wato iyakar abin da adadi zai iya ƙaruwa ko raguwa, na bar adadi tsirara, ba ± ba komai. Da na rubuta 15 ±0.5 da aƙalla ya tsaya ya tambaye ni abin da nake nufi. Ko da yake 15 ɗin ma ba lallai ta dace ba, shi ya sa ake yin na gwaji guda ɗaya, ba goma sha biyu ba.

Takwas muka yanke, muka sake su da ƙusa mai noti da rami dogo, yadda za a iya ɗaga raga ko a sauke ta gwargwadon girman gyaɗa, abin da ya kamata in zana tun farko tunda gyaɗar ba iri ɗaya ba ce. Huɗu sababbi muka ƙera. Huɗun da suka rage mata masu man gyaɗa suka saya a ƙasa da kuɗin ƙarfensu, su fashewar ƙwaya ba ta dame su ba. Da aka yi lissafi jaka 140 ta sefa ta hau kaina. Maigida ya yafe rabin kuɗin hannunsa ba tare da na roƙa ba, wannan ma wani nauyi ne.

Na koma aji da haushi. Na ajiye abubuwa huɗu a kan tebur: injin kwalin da muka yi, ɗaya daga cikin masu niƙa gyaɗar, wani faifan ƙarfe mai ramuka da ake ɗorawa a huda sauran daidai da shi, da ƙyallen yadi. Na ce kowa ya faɗi sunansu da Hausa. Duka huɗun “samfur” suka ce. A Faransanci kuwa suna huɗu ne, maket, furototif, gabari, eshantiyon, kuma kowane suna yana gaya maka abin da aka yarda ka yi da abin. Shekara bakwai ina fassara su da kalma ɗaya, yara suna cin jarrabawa, ba wanda ya lura, saboda a jarrabawa ba a yanka ƙarfe.

Muka yi sati biyu muna gardama, na kuma gayyato Maigida ya zauna cikinmu, don in kalma ba ta shiga kunnen mai walda ba to ba ta da amfani. Maket muka ce “na kallo”: a duba siffa da girma, kada a ɗora masa aiki. Gabari ya zama “na ɗorawa”, shi ma Maigida ya ce ai haka yake ce wa yaransa. Samfur muka bar masa ma'anarsa ta kasuwa, wanda aka amince da shi, a kwafa. Furototif ne ya ba mu wahala. Wata yarinya ta ce “zakaran gwajin dafi”, kuma in ka bi asalin maganar ta yi daidai, zakaran da ake gwada dafin kibiya a jikinsa ne, an san ba zai tsira ba. Sai dai yau in ka ce wa mutum haka gwarzo yake ji, wanda ya fi kowa, kishiyar abin da muke nufi. Muka tsaya a kan “ɗan gwaji”. Yanzu duk ɗan gwajin da ya fita daga hannunmu sai an rubuta masa da jan fenti: GUDA ƊAYA, KADA A KWAFA. Ba a yi masa wani fenti bayan wannan, don na ga shuɗin fenti na sa abu ya yi kama da gamamme.

Tolerans ta ba mu dariya. Yaran sun san kalmar daga darasin zaman tare, don haka “haƙuri” suka ce. Na kusa ƙi, sai Maigida ya ce a bari, ai ƙarfe ma yana da iyakar haƙurinsa. To “iyakar haƙuri” muke cewa, kuma ta kama bakinsu fiye da duk wani dogon bayani nawa. In an rubuta 10 ±0.5, daga 9.5 zuwa 10.5 an yafe, abin da ya wuce nan a yar. Na raba ta da “rata”, wadda makanikai ke ce wa je, don ita rata da gangan ake barinta, ba kuskure ba ce da aka yafe. Su biyun nan ne suka haɗu suka kashe ni a injin gyaɗa, kuma har yanzu rabin aji na cakuɗa su.

Tun watan Maris na 2025 da kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, abokan aiki ke cewa wata rana za a kawo mana littafin fasaha da Hausa. Allah ya kawo. Ni dai fatana duk wanda zai rubuta shi ya fara kai kalmominsa gareji ya ga abin da za a ƙera masa da su. Ø da R ma, wato faɗin da'ira da rabinsa, na taɓa jin malami ya fassara su duka da “faɗi”, kuma wanda ya rikita su ramin da zai huda ninki biyu ne ko rabi.

Manoman sun karɓi injinansu a makare, bayan sun ɓare fiye da rabin irin da hannu. Ba su sake kawo mana aiki ba. Maigida kuwa duk zanen da na kai masa yanzu sai ya riƙe shi nesa da ido, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, “Mushe, wanga na kallo ne, ko na gwaji, ko na cin albashinka?” Yaran shago su fashe da dariya. Saura jaka 25 in gama biyansa.