Tukunya ko Tebur: Tafiyarmu Zuwa Tsaunin Mambila

Duk wanda ya yi niyyar tashi daga Kano zuwa tsaunin Mambila da motarsa, ya kuma ƙudurta cewa a gefen motar zai riƙa kwana ba a masauki ba, tun kafin ya tayar da inji but ɗin motar zai fara yi masa iyaka. Mu huɗu ne: ni, da yayana mai motar, da babban ɗansa, sai Baffa ƙanin mahaifinmu, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana jan babbar mota tsakanin Kano da ƙasar Adamawa. Motar Toyota Highlander ce tsohuwar yayi, lokacin kuma tsakiyar hunturu.

Akwai kayan da ba a gardama a kansu: tanti biyu, barguna masu kauri, tabarmi, jarkokin ruwa biyu masu cin lita 25, tukunyar gas mai kilo 6, kula, jak da sifanu, da buhun abinci. Da aka jera waɗannan da jakunkunan sutura, gurbi ɗaya ya rage, masu nemansa kuma biyu ne. Ɗaya buhun kayan girki ne da matar Yaya ta haɗa mana: tukwanen dalma biyu, ƙaramar a cikin babbar, da butar shayi, da kaskon suya, da ludayi, da wuƙa, da babban tire. Ɗayan kuma tebur ne na roba mai ƙafafun ƙarfe, irin wanda ake ninkewa biyu, da Yaya ya sayo a Kasuwar Sabon Gari musamman don wannan tafiya.

A ido teburin ba shi da kauri. Matsalarsa faɗi. Bai shiga tsakanin kumburin tayoyin baya ba, sai ya kwanta a karkace, ya bar wuri a ƙarƙashinsa wanda babu abin da zai shige shi. Idan kuma aka ɗora shi a saman kaya, ya toshe madubin baya.

Hujjar Yaya ba ta banza ba ce. Yana fama da ciwon baya, kuma ya san idan aka ce girki a ƙasa, tsuguno ne daga yankan albasa har wankin kwano. Ya ce a ɗauki ƙaramar tukunya ɗaya da buta, a riƙa taliyar 'yan yara da burodi da kifin gwangwani, abinci mai nauyi kuma a saya a garuruwan hanya. Baffa ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Alhaji, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Inda za mu, in magariba ta yi maka a bayan gari babu mai tuwo, babu mai shayi. Aikin tebur tabarma za ta yi, bakin but zai yi, murfin kula ma zai yi. Amma faɗa mini abin da zai yi aikin tukunya."

Ni tun a nan na bi bayan Baffa, sai dai abin da ya fi gamsar da ni daban ne. Murhun da muke da shi irin wanda aka saba gani ne a gidajenmu, kan wutar a ɗaure yake a saman tukunyar gas ɗin. Da ma yana da tsayi, idan aka ɗora masa tukunya cike da ruwa nauyin ya koma sama. A ƙasa ake ajiye shi, ba a kan tebur mai rawa ba, balle na roba da zafi ke narkarwa. Teburan da muke gani a bidiyon masu yawon daji na Amurka da Ostareliya an yi su ne don murhu shimfiɗaɗɗe mai kai biyu, wanda tiyo ke haɗa shi da gas. Mutum ya sayi teburinsu ba tare da murhunsu ba, rabin tsari ya saya.

Baffa ne ya raba gardamar. Ya aiki yaron, wato ɗan Yaya, wurin kafinta aka yanko katako mai kauri daidai faɗin ƙasan but, aka shimfiɗa shi, aka jera kaya a kansa. Bai ci wurin komai ba. Ya ce ranar da taya ta yi faci a ƙasa mai laushi, shi za a sa a ƙarƙashin jak don kada ya nutse. Teburin ya koma ɗaki.

Hanyar farko ba ta da labari mai yawa. Mun bi ta Wudil da Birnin Kudu muka faɗa Gombe, daga nan Kumo, Billiri, Kaltungo da duwatsunta, har Numan inda kogin Gongola ke zuba cikin Binuwai. A Jalingo muka sauka gidan 'yan uwa, muka cika tanki da jarkoki. Shingayen jami'an tsaro suna da yawa, kuma a wasu sai an buɗe but. A nan na ga amfanin kaya masu tsari: ana ɗaga murfi mai duba ya ga buhu, ya ga tukwane, ya ga barguna, ya ce a sauka lafiya.

Daga Jalingo hanya ta miƙa kudu ta Garba Chede da Bali zuwa Serti. Ƙasa ta fara sauya kama, bishiyoyi suka yi tsayi, duwatsu suka matso. A Serti ne ofishin Gandun Dajin Gashaka-Gumti yake, wanda aka kafa a 1991, kuma shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. A ɓangarensa na kan iyakar Kamaru ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar nan. Ba mu kutsa cikin dajin ba, don hanyoyinsa sun fi ƙarfin motarmu. A gonar wani tsohon abokin aikin Baffa muka kafa tanti, a gefen gari, bayan an kai mu mun gaida mai unguwa. Wannan ba abin wasa ba ne a zamanin nan. Ba a tsayar da mota a jeji a kwana don kawai wurin ya yi kyau. Ana neman mai wuri, a san da zamanka.

A wannan daren ne teburin ya samu hujjarsa mafi ƙarfi. Ƙasar wurin tana da danshi saboda rafi na kusa, kuma muna cikin yanka tumatir a kan tabarma sai ga kwarkwasa ta yi layi ta nufo ledar kifi. Mai tebur da ya ɗaga kayansa sama ya huta. Mu sai da muka kwashe komai muka mayar bakin but, muka jawo katakon nan muka ɗora shi a kan jarkokin ruwa biyu. Tsayinsa ya zo wajen gwiwa, Yaya ya zauna a kan kula ya ci gaba da yanka ba tare da ya sunkuya sosai ba. Murhun kuwa muka kai shi nesa da mota, a wurin da muka share ciyawa, don busasshiyar ciyawar rani ba ta jiran a ce mata kama. Dafa-duka muka yi da busasshen kifi a babbar tukunya, muka juye a tire, muka kewaye shi.

Washegari muka wuce Mayo Selbe, inda hawan gaske yake farawa. Hanyar tana nannaɗe da jikin dutse, kwana bayan kwana, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen rami mai zurfi. Nan ne hawan da ake kira Biyu da Sisi, wanda ake cewa sunan ya samo asali ne daga ladan da ake biyan 'yan dako su hau da kaya a ka kafin a yi hanyar mota. Yaya ya sa ƙaramar giya, idonsa na kan allurar zafin inji. Tun a Kano yaron ya kawo shawarar a ɗaure teburin a rufin mota, Baffa ya hana, kuma a kan waɗannan kwanoni na fahimci dalilinsa. Duk abin da aka ɗora a sama yana ƙara wa mota layi idan ta karya kwana, iska kuma tana samun abin kamawa. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, kusa da bayan kujera.

Da muka ƙarasa sama wajen Maisamari, sai duniya ta buɗe. Tuddai ne marasa iyaka lulluɓe da ciyawa, shanu a warwatse a kansu, bishiyoyin turare a jere a gefen ƙauyuka. Tsayin wannan ƙasa ya kai kimanin mita 1,600 daga teku, wasu wuraren sun fi haka. Muka sauke gilashi, iska mai sanyi ta shigo da rana tsaka.

A kusa da Nguroje muka samu izinin wani Arɗo muka sauka a gefen rugarsa. Baffa yana jin Fulatanci, shi ne kuma harshen da aka fi haɗuwa a kansa a tsaunin, tsakanin Mambila da Kaka da Fulani da sauransu, ko da yake Hausa ma tana ci a kasuwa. Rana na faɗuwa sanyi ya sauko, irin wanda ke shiga ƙashi. Daga wannan lokaci har muka bar tsaunin, babbar tukunyar nan ba ta huta ba. Ita ke ɗumama ruwan alwala da asuba, lokacin da ruwan jarka ya yi sanyin da hannu ba ya iya taɓawa. A cikinta muke tafasa ruwan rafi kafin mu sha, da namu ya ƙare. Da matan rugar suka aiko mana da madarar da aka tatsa da safe, a cikinta muka dafa. Ita ce bahon wanke kwanuka, ita ce ma'ajiyar ragowar abinci, a rufe a ɗora dutse a kan murfi.

Wake ne ya nuna mana bambancin sama da ƙasa. Iska ba ta da nauyi a tudu kamar a kwari, saboda haka ruwa yana tafasa tun bai yi zafin da aka saba ba. A bakin teku sai ya kai digiri 100, a tsayin Mambila kuwa wajen 95 yake tafasa, kuma komai ƙarfin wuta ba zai wuce nan ba. Kana ganin ruwa yana ɓulɓula, wake yana nan da ƙarfinsa. Maganinsa jiƙo tun dare, da ɗan kanwa, da murfi mai kama baki. Nan kaurin tukunyar dalma ya yi rana, don tana riƙe zafi, ba kamar 'yar falalen tukunyar da Yaya ya so a ɗauka ba, wadda iska na bugunta take hucewa. Iskar ma abin lura ce. A fili tana kwashe harshen wuta gefe, gas yana ƙonewa a banza. Muka juya motar ta tare iskar, muka jingina katakon a ɗaya gefen ya zama kariya. Murhun da ke ƙasa ya fi sauƙin karewa fiye da wanda aka ɗaga sama a kan tebur.

Da dare yaron ya roƙi a ɗebo garwashi daga wutar makiyaya a shiga da shi tanti. Baffa ya ɗaga murya, abin da ba ya yi: "Kul! Ko da wasa." Gawayi ko gas a rufaffen wuri yana fitar da iskar guba marar wari, mutum yana barci ta tafi da shi. Abin da ya yi a maimakon haka, ya tafasa ruwa ya bar shi ya ɗan huce, ya ɗura a gorunan roba masu kauri, ya ɗaure bakin da kyau, ya nannaɗe kowanne da tsumma, kowa ya tura nasa cikin bargo wajen ƙafa.

Mun leƙa Kakara muka ga gonakin shayi, koraye shar a tsakiyar rani, inda ake yin ganyen Highland Tea. Daga nan muka gangara Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Wannan yanki yana cikin Arewacin Kamaru da Ingila ta riƙe, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da mutanensa suka zaɓi shiga Najeriya, aka kira shi Lardin Sardauna. A kasuwa muka sayi nama da dankalin turawa da man shanu, kuma ba don tukunya da kasko ba da sai dai mu kalle su mu wuce. Wannan shi ne abin da mai burodi da kifin gwangwani ke rasawa: ya je ƙasar da ta fi kowace nono da nama mai kyau, ya dawo bai ci komai nata ba.

Ban ce tebur ba shi da amfani ba. Mai Hilux da ke da fili a baya, ko mai zuwa da damina lokacin da ƙasa ke jiƙe kullum, ko wanda gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, ya ɗauka. Ciwon baya ya dami Yaya a wasu ranaku, kuma zama a kan kula ba kujera ba ce. Amma mu mutanen tabarma ne tun daga gida, a ƙasa muke ci, a tire ɗaya, kuma babu dalilin da zai sa fita daji ta canja mana wannan.

Ranar saukowa Yaya ya sake sa ƙaramar giya tun daga saman hawan, ya bar inji yana riƙe motar don kada birki ya yi zafi ya saki. But ɗin ya fi na zuwa cika, don an ƙara buhun dankali da kwalin ganyen shayi na tsaraba. Fiya da ayabar da ba sa son matsi kuwa a cikin tukwanen muka zuba su muka rufe. A Serti, muna shan mai, Yaya ya ari igiya ya auna tsayin jarka da faɗin katakon, ya ce in mun isa Kano zai sa kafinta ya yi masa gajerun ƙafafu masu cirewa, ya kuma haɗa da kujera 'yar tsugunno guda biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta Baffa.