Ranar da muka rufe tafkin ninkaya

Asabar, tsakiyar Oktoba, Kolombus, jihar Ohayo

Yau muka rufe tafkin ninkaya na bayan gida, kuma ba za a sake buɗe shi ba sai watan Mayu idan Allah ya kai mu. Da na fita bayan sallar asuba na duba ma'aunin zafin da ke rataye a jikin tsani, sai na tarar ruwan ya sauka zuwa digiri 57 na Faranhait, wato wajen 14 a ma'aunin Salshiyas, wanda shi ne abin da na daɗe ina jira. Yawancin mutanen unguwarmu sun rufe nasu tun farkon Satumba, domin a Amurka Litinin ta farko a watan ita ce hutun ranar ma'aikata, kuma daga ita ake ɗauka cewa lokacin iyo ya ƙare. Ni ban yarda da wannan gaggawa ba. Idan aka rufe ruwa yana da sauran ɗumi, sama da digiri 65, gansakuka za ta ci gaba da yaɗuwa a ƙarƙashin marufi da zarar kulorin, wato sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ya yi rauni, mai gida ya zo buɗewa ya tarar da ruwansa kore shar. Jinkirin ma ba kyauta ba ne, tunda famfo yana ta cin wuta kuma kullum sai an kwashe ganyen da babbar bishiyar maƙwabcinmu take zubarwa, amma na fi son wannan wahala a kan waccan.

Gyaran sinadaran ruwa tun cikin mako na gama shi. Ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, ya tsaya a 7.4, alkali, wato sinadaran da ke hana tsamin sauyawa, yana kashi 100 cikin miliyan, a tsakiyar abin da ake so ke nan, wato 80 zuwa 120, kuma ranar Talata da dare na zuba kulorin mai ƙarfi domin ya kashe duk abin da ya rage da rai a cikin ruwan. Maganin gansakuka kuwa sai yau da safe na zuba shi, bayan ƙarfin kulorin ya sauka, saboda idan aka haɗa su rana ɗaya kulorin yana lalata maganin, a yi asarar kuɗi a banza. Na bar famfo yana juya ruwan, ni da babban ɗana muka kama shara: shi yana goge bango da buroshi, ni ina zuƙe dattin ƙasa da mesa. Muka cire tsani da ƙarfen dafawa, muka wanke, muka jingine su a gareji.

Wajen ƙarfe goma muka fara rage ruwan. Tafkin namu ƙafa 32 ne a tsawo, 16 a faɗi, yana ɗaukar kimanin galan 19,000, sama da lita 70,000 ke nan. Ɗana ya tsaya yana kallon mesar, can ya ce, “Baba, me ya sa ba za mu kwashe shi duka mu huta ba?” Tambaya ce mai ma'ana, kuma duk baƙon da ya zo gidan nan daga gida sai ya yi ta. Na bayyana masa cewa nauyin ruwan shi ne yake danne tafkin a mazauninsa. A ƙarƙashin ƙasa akwai wani ruwan da yake tasowa idan an yi ruwan sama ko dusar ƙanƙara ta narke, kuma idan ya tarar da tafkin fayau, yana iya tura bangonsa ciki, ko ma ya ɗaga na kankare gaba ɗaya. Namu da aka shimfiɗa wa ledar roba a ciki, ledar ma takan motse ta yage idan ta bushe a cikin sanyi. Saboda haka abin da muka rage bai wuce inci 12 ƙasa da bakin ramin da ke zuƙe dattin saman ruwa ba, domin marufinmu na raga ne, ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara za su riƙa ratsa shi suna ƙara cika tafkin har ƙarshen hunturu. Ruwan da muka fitar a kan ciyawar gida muka sake shi a hankali, ban kai shi kwatar titi ba, don kwatar unguwarmu rafi take nufa kai tsaye, rafukan nan kuma a kogin Sayoto suke ƙarewa, kulorin kuwa kifi ba ya jure shi.

Bayan azahar muka shiga ainihin aikin, wanda shi ne dalilin rufewar baki ɗaya. Mutum zai zaci ruwan da ke cikin tafkin ake jin tsoro, alhali shi ko samansa ya daskare yana da sararin da zai motsa. Abin tsoro shi ne ɗan ruwan da ya maƙale a cikin bututu, ko a cikin famfo, ko a cikin hita, inda babu wurin tserewa. Ruwa idan ya zama ƙanƙara yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, kuma duk wanda ya taɓa cika kwalba da zoɓo har wuya ya manta da ita a firiza ya san yadda ake ƙarewa. A wannan yanki sanyi yana iya ratsa ƙasa har zurfin inci 32, abin da ya sa magina suke kai harsashin gini ƙasa da haka, bututun tafki kuwa da yawansu ba su kai wannan zurfi ba. Idan ɗaya ya fashe a watan Janairu, babu wanda zai sani sai watan Mayu, lokacin da ruwa zai fara raguwa ba dalili, sannan a zo a fasa daɓen siminti ana neman inda ɓarnar take.

Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin famfo, shi ya ara mini injin hura iska, ya kuma tsallako da kansa ya tsaya a kanmu. Muka haɗa injin a wajen famfo, muka rufe sauran bawul muka bar layi ɗaya a buɗe, domin iskar ta taru a wuri guda. Da farko ruwa ne ya yi tsartuwa daga bakin bututun da ke mayar da ruwa cikin tafki, sannan ya koma feshi, daga baya sai iska zalla. Dattijon bai bari an toshe ba sai da feshin ya ɗauke sarai, kuma ya nace a cusa toshiyar roba a ɗaure ta iskar tana kan fita, don kada ruwa ya sami damar komawa. Haka muka bi layukan ɗaya bayan ɗaya, daga na kusa zuwa na nesa. Layin da ke can ƙasan tafki, a wuri mafi zurfi, ba a iya toshe shi da hannu, sai dai a hura har kumfa ta yi ta ɓulɓulowa daga ƙasa, sannan a yi maza a rufe bawul ɗinsa, iskar da aka kulle a ciki ita za ta hana ruwa hawowa zuwa inda sanyi yake kaiwa. A ramin zuƙe datti kuma muka ɗaura wata doguwar gorar roba mai iska a ciki, wadda idan ƙanƙara ta matsa sai ita ta lotse maimakon bangon ramin ya tsage.

Duk da hurawar, na tsiyaya maganin hana daskarewa a cikin bututun, domin bututu yana da gwiwa da kwari inda ɗan ruwa kan ɓuya. Uwargida ta fito da shayi ta ga jarkokin, ta ce, “Maigida, ba irin wanda kake zuba wa mota ba ne wannan?” Na nuna mata rubutun jikinsu. Na mota guba ne, yana kashe mutum da dabba, ga shi da zaƙi-zaƙi da ke jawo kare da kyanwa, na tafki kuwa da wani sinadari dabam ake yin sa wanda ba shi da wannan haɗari, shi ya sa ko ya gauraya da ruwan a watan Mayu babu damuwa.

Na'urorin ba su ɗauki lokaci ba. Na kashe wutarsu daga babban makunni, na kwance ƙananan toshiyoyin da ke gindin famfo da matacin yashi da hita, ruwan ciki ya tsiyaye, na tara toshiyoyin a kwandon famfo inda ba za su ɓata ba. Dattijon ya ba mu labarin 'yarsa da ke Teksas, inda ba a saba rufe tafki ba, sai dai a bar famfo ya riƙa juya ruwa a daren da aka yi sanyi. A watan Fabrairun 2021, da tsananin sanyi ya sauka a jihar wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, famfunan suka tsaya cike da ruwa, nata ya tsage tare da matacin. A ganina wannan ya isa amsa ga masu cewa a bar injin yana aiki duk hunturu, domin dabarar tana tsaye ne a kan wutar lantarki, ita kuwa wutar a ranar da aka fi bukatarta take ɗaukewa.

La'asar ta yi kafin mu ɗauko marufin. Akwai mai araha, wato tamfol da ake dannewa da jakunkunan ruwa a gefe, amma ban taɓa sha'awarsa ba, saboda ruwan sama yana taruwa a kansa, kuma yaron da ya taka shi zai nutse tamfol ɗin ya naɗe shi. Namu ana ɗaure shi da igiyoyi masu sifirin a jikin ƙusoshin tagulla da aka dasa cikin daɓe, kuma ƙa'idar Amurka ta ce marufin da za a kira na tsaro dole ya iya ɗaukar nauyin laba 485. Da ƙananan yara a gida da na maƙwabta, ban ga abin tsayawa ciniki a nan ba. Mu uku muka ja shi, muka fara ɗaure tsakiya sannan kusurwoyi, muka daidaita sifirin ɗin har ya miƙe ba tare da ya ɗame fiye da kima ba, don ya sami wurin saki idan dusar ƙanƙara ta yi masa nauyi.

Ragowar sinadaran na kulle su a rumbun bayan gida, garin kulorin a gefe ɗaya, ƙwayoyinsa a wani gefen nesa da shi, domin nau'in biyu idan suka haɗu da danshi suna iya kama wuta. Na rubuta a kalandar kicin cewa a ƙarshen Nuwamba, kafin saman ruwan ya daskare, zan ɗaga kusurwa ɗaya in duba inda ruwan ya kai in ƙara kulorin, sannan gobe da safe in mayar wa dattijon injinsa.