Yadda na daina ɗaukar hoton sikirin na koma tambayar Zabbix kai tsaye

Baffana yana da ƴar sana'ar wifi a nan Gombe, irin wadda ake sayar da tikiti mutum ya hau na awa ɗaya ko na sati. Uwar harkar tana shagon kwamfuta a Jekadafari, daga nan muka harba rediyo zuwa wani gidan haya a Tumfure da wani a Pantami. Ni ne dai injiniyan tunda ni na karanta kwamfuta a gidan, albashi kuma sai ranar da Baffa ya tashi da fara'a.

To kwanakin baya mutanen Tumfure suka taso mu a gaba da ƙorafi, wai netwok na ɗaukewa da dare, kuma ka san ɗalibai ne yawancinsu, da tsakar dare suke sauke abubuwa. Baffa ya kira ni yace kai yaro kira mutanen da muke sayen data a wajensu ka wanke musu kai, kuɗi muke biya ba tsakuwa ba. Na kira, suka ce su a wajensu komai lafiya lau. Nace ƙarya ne, suka ce to kawo shaida. Anan fa gizo ke saƙar, don shaidar da nake da ita hotunan sikirin ne kawai da nake ɗauka idan na buɗe Zabbix da safe, layi ya faɗi ƙasa ya tashi, ba adadin mintuna, ba jerin ranaku, abin da ko ni kaina in aka turo min bazan gamsu ba.

Ga wanda bai san Zabbix ba, manhaja ce kyauta ta sa ido kan netwok, ƴan Latbiya ne suka yi ta, ƙasar da MikroTik, kamfanin da ke ƙera rawuta (na'urar raba netwok), ma ya fito, abin har dariya yake ban wai duk harkarmu a hannun ƙasa ɗaya take. Na ɗora ta a wata tsohuwar kwamfuta a shago, duk minti ɗaya tana ƙwanƙwasa wa rawutocinmu da ping taji ko suna raye, tana kuma tambayarsu ta SNMP, wato hanyar da na'urorin netwok ke faɗin halin da suke ciki, data nawa ce ta shiga nawa ta fita. Duk tana ajiyewa. Matsalar ni da ido kawai nake kallo a burauza, alhali akwai ƙofar baya da zaka tura mata tambaya a rubuce ta baka lambobin tsurarsu, wato API.

Ƙofar ɗaya ce tak, wani fayil mai suna api_jsonrpc.php a adireshin da kake buɗe Zabbix ɗinka. Ba kamar wasu ba da kowane abu da adireshinsa, nan komai ta waje ɗaya kake turawa da POST, wato hanyar aika wa shafin intanet saƙo, cikin saƙon ne zaka faɗi abin da kake so, tsarin ana ce masa JSON-RPC 2.0. Kamar dai tagar mai shago, ta nan zaka nemi sukari ta nan zaka nemi sabulu. Kace host.get ta lissafo maka na'urorinka, kace item.get ta baka abubuwan da ake aunawa a kowace da lambarsu, sai ka ɗauki lambar ka miƙa wa history.get tare da daga yaushe zuwa yaushe.

Shiga ma sai da ta ban wahala kaɗan saboda na kwafo misali daga wani tsohon rubutu, inda ake tura suna da kalmar sirri ta user.login a karɓi mabuɗi a riƙa saka shi cikin saƙo a gurbin auth. Sababbin Zabbix sun canza, tun 5.4 zaka iya ƙirƙirar tokin, wato mabuɗin shiga API, a shafin mai amfani, daga 6.4 kuma a kan saƙon ake saka shi, Authorization: Bearer sai tokin ɗin. Shawarata ka buɗe wani mai amfani daban wanda karatu kawai zai iya, ka yi tokin da sunansa, kada ka zuba kalmar sirrin Admin cikin fayil ɗin da gobe zaka tura wa abokinka a WhatsApp ya duba maka kuskure. Ni na kusa yi wlh.

Yanzu ga inda na kwana. Na tambayi tarihin icmpping, wanda yake bada 1 in na'ura ta amsa 0 in bata amsa ba, ya zo tar. Na tambayi icmppingloss, wato kashi nawa na saƙon ya ɓace a hanya, sai ta dawo min da baka biyu [] ba komai a ciki, kuma ba ta ce nayi kuskure ba, shiru kawai. Na canza kwanan wata, na sake tokin, na kashe kwamfutar na kunna, har na fara zargin ko rumbun bayanan ne ya lalace. Wajen ƙarfe ɗaya na dare sauro na cin ƙafata na gano ashe Zabbix tana raba tarihi gida gida ne bisa irin lambar, kuma history.get in baka faɗa mata ba gida na 3 take dubawa, na lambobi cikakku marasa ɗigo. Masu ɗigo irin su ɓacewar saƙo da daɗewar amsa suna gida na 0. Kalma ɗaya na ƙara, "history": 0, sai ga bayanai sun zubo kamar an ɓalle famfo. Daga baya naga item.get ma tana faɗa maka value_type, wato lambar gidan, na kowane abu, da na karanta shi da ban sha wannan wahalar ba, yanzu ƴar manhajata ta Python shi take fara ɗauka ta miƙa.

Wani abu kuma, kada kwaɗayi ya ja ka. Awo duk minti ɗaya layi 1,440 ne a rana, wata guda 43,200 na abu ɗaya kacal, ni kuwa na tambayi abubuwa goma sha wani abu lokaci ɗaya sai tsohuwar kwamfutar ta kama nishi kamar tifa ta ɗauko yashi. In tsawon lokaci kake so akwai trend.get, ita kowace awa layi ɗaya take baka, mafi ƙanƙanta da matsakaici da mafi girma. Amma ita ma da tarkonta, a lambobi cikakku matsakaicin ba ya zuwa da ɗigo, in a awa ɗaya akwai 0 da 1 sai ta baka 0, ka zaci awar gaba ɗaya a kashe take alhali wataƙila minti biyar ne. Don haka lissafin mintunan yankewa da history nayi shi, rana rana, na tara a fayil na buɗe a Excel.

Da na jera sati biyu sai abin ya fito fili, kusan kullum Tumfure na mutuwa wajen huɗu da wani abu na dare ta dawo wajen shida da rabi. Na kira yaron da ke kula mana da wajen, yace Hamma ai ba haka bane, ni ina jin ana kiran assalatu yake ɗaukewa, biyar ta wuce, kuma sai rana ta ɗan ɗaga yake dawowa. Na ɗan yi masa gardama don ni ga lambobi a gabana. Ashe shi ne da gaskiya. Zabbix lokaci take bayarwa a daƙiƙoƙi da ake ƙirgawa tun 1 ga Janairu 1970, ni kuma da na juya shi sai na bar shi a agogon UTC, mu kuwa a Najeriya muna gaba da awa ɗaya. Da na tura wa kamfanin wannan takardar a haka da sun duba nasu sunga lokaci bai hau ba sun yi watsi dani, kuma da sun yi daidai.

Da na gyara agogon sai jikina ya fara sanyi. Biyar da wani abu zuwa bakwai da rabi, wane irin kamfani ne netwok ɗinsa zai riƙa ɗaukewa da asuba ya dawo da fitowar rana kamar mai bin kalanda. Na jawo ping ɗin da shago ke yi zuwa waje, 8.8.8.8 na Google, a waɗannan awannin ko gezau, 1 ne reras. Pantami ma tana raye. Tumfure ce kaɗai. Sai na jawo sysUpTime na rawutar can, wato tun yaushe take kunne, naga kullum da safe ƙirgen daga sifili yake farawa. Ba netwok ke yankewa ba, rawutar ce ke mutuwa ɗungurungum, batirin solar da muka saka shekaru uku da suka wuce ne ya gaji, yana jan dare har asuba ya sare, sai rana ta haska faranti ya farfaɗo. Ranar da aka kawo wuta da dare kuwa, kwana biyu cikin sha huɗun, babu yankewa ko ta minti ɗaya.

Na buga takardar shafi ɗaya na kai wa Baffa bayan la'asar yana zaune a benci ƙofar shago. Ya saka tabarau ya duba ya duba yace to nawa za su biya mu? Nace Baffa ai mu ne za mu biya, batir ne. Yayi shiru, sannan yace kai da na aike ka ka kamo ɓarawo sai ka dawo min da aljihuna a hannu. Nace Allah ya huci zuciyarka Baffa, lambobin ne suka faɗa ba ni ba. Sai da ya sa na kira yaron Tumfure a gabansa ya karanto masa abin da inbata ke nunawa da asuba kafin ya yarda.

Mun canza batirin ranar Asabar. Kamfanin kuma na kira su na ɗan sassauta murya, ban dai ce kuyi haƙuri ƙarara ba amma sun gane.

Yanzu ƴar manhajar tana tashi da kanta ƙarfe bakwai na safe ta cron, mai tada aiki a kwamfuta a lokacin da ka saita, ta tambayi problem.get ko akwai abin da ke ci yanzu, ta lissafa mintunan da kowane waje ya yanke jiya, ta turo min a Telegram. Baffa yace shi ma a riƙa turo masa amma da Hausa kuma kada ya wuce layi uku, shi ne aikin da nake kai yanzu. Wasu samfuran MikroTik suna faɗin ƙarfin wutar da ke shigarsu ta SNMP, inaso in duba ko rawutar Pantami na cikinsu, don batirin can ma sa'an na Tumfure ne, rana ɗaya muka sayo su.