Kafin a kai mai keken guragu gidan tarihin jirgin ƙasa

Ƴan uwa na Damagaram, tunda babu layin dogo a nan, ziyarar irin wannan gida doguwar tafiya ce, ku sa a duba muku wurin tukuna. A tabbatar faɗin ƙofa ya kai santimita 90. Dakali mai tsayin santimita 10 yana buƙatar gangara mai tsawon santimita 120, in ta fi haka tsayuwa keken na iya kifewa ta baya. Abin da ya fi damuna tsakuwar gefen dogo ce: ƙananan tayoyin gaba nutsewa suke yi, ko su maƙale a tsagar jikin ƙarfen. Ƙofar tsofaffin taragai kuwa ƙunci gare ta. A ban ɗaki, keke na son filin santimita 150 kafin ya juya.