Labarin da ba ya hawa sama: abin da aikin sa ido kan ayyukan gwamnati ya koya mini

Duk wanda ya shiga aikin sa ido da tantance ayyukan raya ƙasa na gwamnati, abin da ake fara koya masa shi ne zana jadawali. A layin farko kuɗi da kayan da za a zuba, a na biyu ayyukan da za a gudanar, sai abin da za a samar, sai kuma canjin da ake fatan gani a rayuwar jama'a, kowanne da ma'auninsa da inda za a samo alƙalumansa. An ƙirƙiro wannan tsari a 1969 domin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, daga nan ya bazu duniya. Za a kuma koya maka bambancin abu biyun: sa ido bibiya ce ta yau da kullum, a ga ko aiki na tafiya yadda aka tsara, tantancewa kuwa tsayawa ce jefi-jefi a tambaya ko aikin ya haifar da ɗa mai ido. Ban raina wannan karatu ba, amma cikin 'yan makonni mutum zai iya laƙantarsa. Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in gane shi ne, ƙarfin tsarin sa ido yana ga abu ɗaya: ko mummunan labari zai iya tasowa daga inda ake aikin ya isa teburin mai yanke shawara ba tare da an goge shi a hanya ba, kuma ko mai yanke shawarar yana son jin sa.

Ga yadda labarin yake lalacewa. Ma'aikaciyar ƙaramin asibiti tana rubuta sunayen yaran da ta yi wa rigakafi a rijista, ƙarshen wata ta kwafe jimilla a fom ta aika ofishin yanki. Jami'in yanki ya haɗa na asibitoci da dama ya tura gaba, daga can a tattara a kai hedikwata. A kowane mataki, wanda ke tura alƙaluman shi ne kuma wanda za a yaba wa ko a tsawatar wa a kansu. Ba sai an samu maƙaryaci ko ɗaya a cikin jerin ba. Fom ya zo da gurbi fayau, sai a cike shi da adadin watan jiya don kada rahoto ya makara. Firjin allurai ya tsaya mako biyu, amma fom ɗin ba shi da wurin rubuta haka, saboda haka ba a rubuta ba. Ginin da aka yi wa rufi a rubuta masa kashi 90 cikin 100, ya kuma zauna a kashi 90 ɗin nan shekara da shekaru, domin ragowar kashi 10 su ne ruwa da wuta da gadaje da ma'aikata, wato duk abin da ke mai da gini asibiti. Kafin rahoton ya isa sama, shugaba zai karanta ya ɗauka komai lafiya lau, alhali ba haka abin yake ba.

Ba na ɗora wa ƙananan ma'aikata laifin wannan. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke duba marasa lafiya, shi ne kuma ke cike rijistoci barkatai, na ma'aikatarsa daban, na kowace ƙungiyar tallafi daban, kuma bai taɓa jin wani ya dawo ya gaya masa abin da aka yi da su ba. Masana sun daɗe da lura da tushen matsalar. Charles Goodhart, masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya, a 1975, da Donald Campbell na Amurka a cikin shekarun 1970 ɗin, kowannensu ya nuna cewa da zarar an ɗaura lada ko hukunci a kan wani ma'auni, ma'aunin yakan fara rasa gaskiyarsa. Abin bai tsaya ga ƙasashe matalauta ba. A Ingila, da aka ƙayyade cewa kada mara lafiya ya wuce awa 4 a sashen gaggawa, an samu rahotannin barin mutane cikin motar asibiti a bakin ƙofa, domin ba a fara ƙirga lokaci sai an shigo da su.

Wani zai ce to a je a duba mana, ai gani ya kori ji. Haka ne, amma ziyarar ma tana da nata ciwon. Tun farkon shekarun 1980 Robert Chambers, masanin raya karkara ɗan Birtaniya, ya bayyana yadda jami'ai masu ziyarar karkara suka fi bin bakin kwalta, suka fi fita da rani lokacin da hanya ke da kyau, suka fi ganawa da masu faɗa-a-ji, akasari maza, a kuma kai su aikin da ya fi kowanne kyau. Na sha ganin haka da idona: a aika takarda tun kafin a taso, mai masauki ya zaɓi wuraren da za a je, a share, a yi fenti. Shi ya sa na koma karɓar cikakken jerin ayyuka in zaɓi wuraren ta hanyar ƙuri'a, duk inda ta faɗa can za mu, ko da sai an sauka daga mota an taka. Idan kuwa rijiyar burtsatse na je dubawa, na fi son jin bakin matan da ke ɗiban ruwa a kan na shugaban kwamiti, su ne za su gaya maka watan da famfon ya tsaya da wanda aka kira bai zo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai kuma ruɗin ƙirga abin da aka gina a maimakon abin da ya canza. A gundumar Puri ta jihar Odisha a Indiya, an bibiyi shirin gwamnati na gina masai a ƙauyuka 100, rabi an yi musu aikin, rabi ba a yi ba tukuna. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna gidaje masu masai a ƙauyukan da aka yi aikin sun tashi daga kashi 9 zuwa kashi 63 cikin 100, amma gudawa a tsakanin ƙananan yara ba ta ragu ba, domin da yawa daga cikin masan ba a kammala su yadda ya kamata ba, wasu kuma ba a amfani da su. A takardar sa ido wannan aiki ya ci nasara, ga yaran da aka yi shi dominsu kuwa babu abin da ya sauya.

Misalin da na fi koyon darasi daga gare shi na Yuganda ne. A 1996 gwamnatin ƙasar da Bankin Duniya suka yi wani abu mai sauƙi: maimakon su tambayi ma'aikatar ilimi nawa ta saki, sai suka je makarantun firamare 250 suka tambayi nawa ya iso. Aka gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin 100 kacal na kuɗin gudanarwa da ake ware wa makarantu bisa yawan ɗalibai ne ke isa hannunsu, sauran yana maƙalewa a ofisoshin da ke tsakani, kuma makarantu da yawa ba su ga ko ƙwandala ba. Gwamnati ba ta ɓoye rahoton ba. Ta fara buga kuɗin da take aika wa kowace gunduma a jaridu duk wata, aka kuma umarci makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa inda iyaye za su gani. Zuwa 2001, sama da kashi 80 na kuɗin na isa. Gaskiya ne wasu abubuwa sun canza a wannan tsakanin, musamman shirin ilimin firamare kyauta na 1997, don haka ba jarida kaɗai ta yi aikin ba. Amma masu binciken, Ritva Reinikka da Jakob Svensson, sun nuna cewa makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida sun fi samun ƙarin. Abu biyu na ɗauka daga nan. Ana fara aunawa daga ƙarshen da kuɗi ya kamata ya sauka, a biyo shi baya. Sannan alƙaluma sun fi amfani idan suka shiga hannun wanda abin ya shafa kai tsaye, shugaban makaranta da iyayen yara, domin su ba sa bukatar a tuna musu su bibiya.

A Indonesiya ma masanin tattalin arziki Benjamin Olken ya yi makamancin haka da ayyukan hanya a ƙauyuka 608. Bai tsaya ga rasit ba, injiniyoyi ya tura suka haƙa hanyoyin suka auna duwatsu da yashin da aka zuba, aka kwatanta da abin da aka rubuta an kashe. Inda aka sanar tun farko cewa tabbas masu binciken kuɗi za su zo, maimakon kashi 4 cikin 100 na ayyuka da aka saba dubawa, kuɗin da ke ɓacewa ya ragu daga kusan kashi 28 zuwa kusan 19.

To amma ko an auna daidai, da sauran rina a kaba. A gundumar Udaipur ta jihar Rajasthan a Indiya, hukumomin lafiya da wata ƙungiya mai suna Seva Mandir sun sa na'urorin buga rana da lokaci a ƙananan asibitoci don tabbatar da zuwan ma'aikatan jinya, aka ce wadda ta yawaita fashi za a yanke mata albashi. A watanni 6 na farko zuwa aiki ya kusan ninkawa. Bayan wata 16 kuwa, babu wani bambanci tsakanin asibitocin da ake sa wa ido da waɗanda ba a sa wa. Me ya faru? Shugabannin da ya kamata su zartar da hukuncin su ne suka riƙa ba da uzurin ranaku, ranar fashi ta koma ranar da aka ɗauke wa ma'aikaciya zuwa, na'urori kuma suka yi ta lalacewa. Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Rachel Glennerster ne suka wallafa wannan a 2008. Duk lokacin da aka zo mini da shawarar sayen sabuwar manhaja ko wayoyin tattara bayanai, wannan labarin nake tunawa. Kayan aikin suna da amfani, suna rage jinkiri da kuskuren kwafi, hoto mai ɗauke da wuri da lokaci ya fi sa hannu a takarda wuyar ƙirƙira. Amma idan shugabanni ba su shirya yin komai da abin da na'ura ta nuna ba, kuɗin ya tafi a banza, har ma an koya wa ma'aikata cewa dokar ba da gaske ake ba.

Tantancewa ta gaskiya kuma tun kafin a fara aiki ake shirya ta. Sau da yawa sai aiki ya zo ƙarshe ake neman wanda zai auna tasirinsa, a tarar babu wanda ya rubuta halin da jama'a ke ciki kafin a fara, babu kuma wasu da za a kwatanta da su, sai a koma tambayar mutane su tuna shekarun baya. Meziko ta nuna akwai wata hanya. Da ta fara shirin Progresa a 1997, na bai wa iyalai matalauta kuɗi bisa sharaɗin kai yara makaranta da asibiti, ba ta da halin shigar da kowa lokaci ɗaya, sai ta mai da wannan ƙarancin dama: cikin ƙauyuka 506, aka zaɓi 320 da ƙuri'a suka fara karɓa, 186 suka biyo daga baya, aka ba cibiyar bincike ta IFPRI aikin aunawa. An ga ƙaruwar shiga sakandare, musamman ga 'yan mata, da raguwar rashin lafiyar yara. Da mulki ya koma hannun wata jam'iyya a 2000, shirin bai mutu ba, suna kawai aka sauya masa, ƙasashe da dama kuma suka kwaikwaya. Duk da haka a 2019 wata gwamnatin ta kawo ƙarshensa. Hujja tana taimaka wa shiri ya daɗe, amma siyasa ce ke da maganar ƙarshe, kuma duk mai wannan aiki gara ya san haka tun wuri, ya koyi fitar da sakamakonsa kafin a rufe kasafin kuɗi, cikin shafi biyu da minista zai iya karantawa.

Yanzu idan aka ce in taimaka a tsara sa ido ga wani shiri, kafin maganar ma'auni nakan fara tambayar wane ne zai karanta rahoton, kuma wace shawara yake da ikon sauyawa idan ya karanta. Duk ma'aunin da aka rasa mai amfani da shi, ina roƙon a cire, ko da ya yi kyau a takarda, domin kowane gurbi a fom lokacin wani ma'aikaci ne da aka ɗauke daga ainihin aikinsa. Ma'auni kaɗan da ake tabbatarwa a fili sun fi mini tarin waɗanda ba wanda ya taɓa dubawa. Nakan kuma nace a raba mai aiwatarwa da mai tabbatarwa, kada kuɗin motar mai dubawa ya fito daga aljihun wanda za a duba.

Abin da na fi sa wa ido kuwa shi ne taron bitar rahoto, da abin da ke faruwa ga jami'in da ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a yankinmu aikin ya tsaya." Na halarci taron da aka kunyata irin wannan jami'i a gaban abokan aikinsa, a zama na gaba kowane yanki ya kawo alƙaluma masu kyau, shi ma haka. Na kuma zauna a ƙarƙashin wata shugaba wadda ke buɗe taro da ayyukan da suka tsaya, ta tambayi me ya tsayar da su, ta rubuta wanda zai warware da ranar da zai dawo da bayani. A watannin farko alƙaluman ofishinta sun faɗi ƙasa da na kowa, har ta sha tambaya daga sama, domin mutanenta sun daina gyara su kafin su kawo. Daga cikin abin da ya fito fili a lokacin har da famfunan da aka daɗe ana lissafa su cikin masu aiki alhali sun shekara ba ruwa, aka sa su a jerin gyara na kasafin da ya biyo baya.