Faifan kaba: inda na kai da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya

'Yan uwa masu koyon saƙa, barkanmu da war haka. Faifan nan mai zanen ja da kore ya kusa kai baki. Hannuna ya fara sabawa da basilla: in huda jikin zagayen baya, in zura kaba, in ja, ba sai na tsaya dubawa ba. Duk wadda faifanta ke tasowa kamar kwano, ta koma ta duba cibiyarsa. In aka matse zagayen farko da yawa, ba zai taɓa kwanciya ba. Gwaggo takan ajiye shi a ƙasa ta danna da tafin hannu, in ya yi rawa ta ce a warware.

Wajen rini kuma, ku tsaga kabar tukuna, ku jiƙa ta, sannan ta shiga tafasasshen ruwan galura da ɗan gishiri. A inuwa ake shanya ta, rana tana cinye launi.

Abin da ya fi damuna shi ne kabar kanta. Mu nan yankin Gumel, kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ita ce madogararmu, kuma da yawa daga cikin hada-hadarta da 'yan uwanmu na Nijar ake yi. Da sojoji suka yi juyin mulki a can ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai watan Maris na 2024. Ni dai a ganina wannan hukunci bai taɓa masu bindiga ba, talaka ya taɓa, tsohuwa mai ɗaurin kaba da mai jaki. Mutanen Zinder da mu harshe ɗaya, auratayya ɗaya. Ya kamata duk mai yanke irin wannan shawara a Abuja ya fara tambayar mazauna bakin iyaka.

Ga cire tallafin mai da Shugaba Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayun 2023, wata guda bai cika ba aka saki naira ta nemi wa kanta daraja. Kuɗin mota ya hau, galura ta hau, amma mai sayen faifai tana nan tana taya shi da tsohon farashi, ta ce ai na roba ya fi sauƙi. Ban ga laifinta ba, ita ma awo take lissafi.

Sai sarar bishiya. Goruba ce uwar kaba, amma ana kayar da ita don itace da azara, ƙananan da ke tasowa kuma dabbobi su cinye. Masu neman kujera sukan zo da kekunan ɗinki da atamfa, mun gode. Ni abin da zan roƙa a wajen kansila da shugaban ƙaramar hukuma shi ne a killace mana fili a shuka goruba, a sa dagatai su hana sara. Wanda ya yi wannan, ko jam'iyyarsa wace ce, ƙuri'ata tasa ce.

Kafin nan, mun yi shawara da maƙwabta mu haɗa kuɗi mu sayi kaba da galura a sari, mutum ɗaya ya je kasuwa. Da na daje bakin faifan nan zan shiga mafici, wadda ta iya ɗaura masa mariƙi ta leƙo ta nuna mini.